Shekarar da Na Sa Intanet Gaida Yaya Malam

Turaku biyar, rumfunan canji talatin da ɗaya, Lahadi huɗu, da yaya guda. Abin da na shimfiɗa a tabarma ke nan a waccan shekarar, kuma saura kaɗan in tashi da turaku huɗu kawai. Na san abin da kuke faɗa wa junanku idan kun taru a gidan nan da salla, wai Baba ya taɓa kashe kasuwar Illela da yatsa ɗaya. Ba kasuwa duka na kashe ba, layin 'yan canji ne kaɗai. Wauta kam akwai ta a ciki, ban musa ba, amma akwai dalili. Tunda rabin labarin da kuke da shi daga bakin Baba Isuhu kuka samo shi, mutumin da ba ya faɗin magana sai ya zuba mata gishiri, gara ku ji sauran daga bakin mai yatsan.

Kun san ba da intanet na fara ba. Da albasa na fara, ina bin manyan motoci zuwa kudu, sannan babura, sannan katin waya. Duk sana'ar da zan shiga abu ɗaya nake dubawa: mene ne mutane suke zagi kullum amma sun kasa bari? A lokacin, abin da mutanen Illela suke zagi shi ne sabis. Waya tana hannunka, rabinta tana kama Nijeriya rabinta tana kama Nijar, ka tura saƙo da hantsi ya isa da la'asar. Sai na sayi layi mai ƙarfi daga Sakkwato na sauke shi a kantina na bakin kasuwa, na kafa turakun ƙarfe ina raba wa mutane. Na farko a kantin, na biyu a bakin iyaka kusa da tasha, na uku a Amarawa, na huɗu a Gidan Katta. Na biyar yana kan benen makarantar Islamiyya ta babban gidanmu, inda yayana Malam Buhari yake zaune tun rasuwar mahaifinmu. Benen nan ya fi kowane gini tsawo a unguwar, daga kansa eriya tana hango sauran huɗun. A gindin kowane turke akwai akwati mai ƙyafta fitilu, shi ke karɓar saƙo ya miƙa wa na gaba.

Masu kallon ƙwallo da kokawa ne suka fara saye, amma ba su nake hange ba. 'Yan canji nake hange. Mutanen nan rayuwarsu a kan minti take. In farashin sefa, kuɗin Nijar, ya motsa a Konni, can tsallaken iyaka, dole mai rumfa a kasuwa ya sani kafin wanda ke tsaye gabansa ya sani. Shugabansu Alhaji Mamman, wanda kowa ke kira Mamman Sefa, ya zo kantina ya ce suna son layi nasu na kansu, wanda zai haɗa rumfunansu na kasuwa da na bakin iyaka da na Amarawa, saƙonsu kada ya gauraya da na kowa. Sharaɗinsa ɗaya ne.

"Lahadi huɗu, Alhaji Ummaru. Ran kasuwa huɗu a jere, abin ga bai ɗauke ba. In ya yi, mu talatin da ɗaya naka na. In ya ɗauke ko sau guda, mu koma wurin manyan kamhunna. Su mun riga mun saba da zaginsu."

Na ce na ji na karɓa, ban san ma yadda ake yin abin ba. Wanda ya sani shi ne Isuhu, ɗan ƙanwar mahaifina da aka aurar a Konni. Taubashina ne, don haka tun muna yara ba ya gaishe ni sai da baƙar magana. Ya yi karatun injiniya a Yamai, ya yi aiki da manyan kamfanoni shekaru, ya dawo gida da sanƙo da kwamfuta ƙarama da ba ya rabuwa da ita. Ya zagaya turakun nan biyar a bayan babur ɗina, ya dawo kanti ya sha ruwan sanyi, sannan ya yanke mini hukunci, yana ɗan cakuɗa Faransanci kamar yadda ya saba.

"Bon, taubashi. Akwatunan ga naka awa shingayen hanya suke. Kowane saƙo yaz zo sai an kwance shi an diba adireshi, a ɗaure, na gaba shi sake kwancewa. Kai da kay yi albasa, haka kaka yi da buhu?"

"A'a. Fenti nika sa wa buhu. Ja biyu da baƙi guda. Dillali na gani ya san nawa na, ya san inda za shi."

"Wala! Ashe da ɗan abu cikin kan ga. To shi za mu yi."

Aiki biyu ya yi, kuma zan faɗa muku su yadda na gane su, ba yadda yake a littafinsu ba. Na farko shi ne koya wa akwatunan sanin hanya da kansu. Su injiniyoyi suna ce masa OSPF. Kowane akwati yana yi wa maƙwabcinsa sallama duk daƙiƙa goma. In aka yi sallama huɗu ba a amsa ba, sai ya shela wa sauran cewa wane ya faɗi, kowa ya sake lissafin hanya. Kowace hanya tsakanin turke da turke kuma an ba ta nauyi, mai faɗi da sauri nauyinta kaɗan, siririya nauyinta da yawa, saƙo kuma kullum hanyar da ta fi sauƙin nauyi yake bi. Aiki na biyu shi ne fentin buhu, wanda suke ce wa MPLS, ni kuwa shaida nake ce masa har yau. Akwatin farko ne kaɗai yake duba saƙo, ya manna masa shaida. Na tsakiya ba ruwansa da abin da ke ciki, shaidar kawai yake gani, ya cire ya manna tasa, ya miƙa gaba. Kayan 'yan canji shaida biyu ake manna musu, ta waje mai nuna hanya, ta ciki mai nuna na wane ne. Saƙon mai kallon ƙwallo ko babu shaida zai iya lallaɓawa da adireshinsa ya isa. Na ɗan canji kuwa adireshinsa na sirri ne, akwatunan tsakiya ba su ma san shi ba. In babu shaida, a nan zai mutu. Ku riƙe wannan, nan gaba kaɗan za ku ga amfaninsa.

Kwana tara ina zaune a gefensa ina leƙen kwamfuta. Na ga kowace hanya tana da layinta a allon, kuma a gaban kowane layi akwai ɗan gida da ake dannawa ya nuna alama, ma'ana wannan hanya tana karɓar shaida. Da ya gama na ce ya ba ni mabuɗin shiga nawa, tunda ni na sayi ƙarfen. Ya yi gardama, na yi gardama, ya buɗe mini da sunan alhaji, ya ce in na taɓa wani abu Allah ya isa.

Lahadi ta farko ta wuce lafiya. Ta biyu ma haka. Mamman Sefa ya fara ɗaga mini hannu daga nesa. Ni kuma kaina ya fara kumbura, da wannan kumburin na tafi babban gida ranar Jumma'a.

A gidanmu akwai wata doka da ba a rubuta ba. Tun zamanin Baba, wato mahaifinmu, babu kayan ɗan gidan da zai tsallaka iyaka ko ya shigo gari ba tare da ya tsaya a ƙofar babban gida an yi masa addu'a ba. Jakunan Baba sun tsaya. Motar albasata ta farko ta tsaya, ta toshe lungu rabin yini. Babur ɗin farko da na sayo sai da Yaya Malam ya dafa tankinsa. Ban taɓa jin nauyin wannan doka ba, don a cikinta na tashi. Ranar nan bayan an sauko daga masallaci mun zauna cin tuwo a zaure, ni da shi da ƙannenmu, sai bakina ya buɗe. Na ce yanzu saƙo daga kasuwa zuwa bakin iyaka kafin ƙyaftawar ido ya isa, miƙe yake tafiya, ba ya ma buƙatar biyowa ta nan.

Yaya Malam ya ajiye lomar da ya ɗauka. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Mi kac ce, Ummaru?"

"Na ce miƙe shika tahiya, Yaya."

"Wato kayanka na wuce ƙohwar gidan Baba ba sallama."

"Ai ba kaya na ba irin na buhu, Yaya. Iska ta."

"Iskar ga kana saida ta?"

"Ina saidawa."

"To kaya na. Kuma ƙarhen da kak kahe bisa makarantata, shi mi shika yi? Kallo?"

Na fara bayanin nauyin hanya, na ce hanyar gidansa siririya ce shi ya sa akwatuna ba su zaɓe ta ba. Wannan ya ƙara ɓata lamarin. Ya ce bai taɓa jin inda akwati ya auna gidan mahaifinsa ya ce bai kai ba. Ya wanke hannu, ya ce in kayana sun fi ƙarfin tsayawa a ƙofar nan, in aiko a sauke ƙarfena kafin wata Jumma'ar. Ba ya ɗaga murya, Allah ya jiƙansa, shi ya sa maganarsa take da nauyi. Ni kuma in aka sauke turken nan, Gidan Katta ta yanke gaba ɗaya, Amarawa kuma ta koma rataye da hanya ɗaya. Kafin in tashi daga tabarmar nan na yi abin da ɗan kasuwa bai kamata ya yi ba, na yi alkawari ban tambayi mai aiki ba. Na ce daga yau babu saƙon ɗan canji ko ɗaya da zai wuce bai biyo ta gidan nan ba.

Da na gaya wa Isuhu, sai da ya cire hularsa ya shafa sanƙo.

"Taubashi, rezo, wato sabis ɗin ga naka, bai san yaya ba."

"To yau za shi sani."

"Akwatin gidan Malam a soket ɗin makaranta shike. Ba batir, ba sola. Hanya tai kuma awa zaren ɗinki. Kana son kasuwar Lahadi duka ta bi ta cikin zaren ɗinki don ta gai da tsoho?"

"Za a iya ko ba za a iya ba?"

"Za a iya. Ana iya sa jaki cikin ɗakin amarya ma."

Ya yi, yana tsaki. Ya rage nauyin hanyoyin gidan Yaya zuwa ɗaya, ya jibga wa hanyar kasuwa zuwa iyaka nauyi mai yawa, nan take akwatuna suka juya kaya duka ta unguwarmu. Sai na yi masa tambayar da ta jawo mini komai. Na ce yanzu tabbas babu wanda zai bi ta baya? Ya ce muddin akwatin Malam yana da rai, babu. In ya mutu kuwa, da kansu za su koma tsohuwar hanya, kuma wannan shi ne abu ɗaya mai hankali da ya rage a cikin aikin. Ya naɗe kwamfutarsa ya tafi Konni, don matarsa ta haihu, ranar Lahadi ake suna.

Maganar nan ta tsaya mini a wuya. Ni na ce wa yayana babu ko ɗaya. Ban ce masa babu ko ɗaya sai in wuta ta ɗauke ba. A kasuwa an san ni da abu guda, in na ce buhu ɗari ne, ba sai an ƙirga ba. Ranar Asabar bayan la'asar na zauna a kanti na buɗe kwamfutar kanti, na shiga da sunan alhaji. Na nemo layin hanyar kasuwa zuwa iyaka, na ga ɗan gidan nan mai alama. A tunanina, kamar ka gaya wa dillali ne kada ya karɓi buhu mai fenti, kaya su koma su bi inda aka ce. Na danna, alamar ta ɓace. Na yi haka ga hanyar kanti zuwa Amarawa ma, don kada a ce na bar taga. Na jira. Babu abin da ya faru. Fitilu suna ƙyaftawa, 'yan canji suna aikinsu. Na rufe kanti ina jin kaina injiniya.

Lahadi ta uku ta zo daidai da walimar saukar karatu ta ɗaliban makarantar Yaya. An kafa rumfa a ƙofar gida, an jera kujeru, ni a layin gaba kusa da limamin unguwa, cikin babbar riga. Wutar gari babu, janareta ake amfani da shi, kuma waya ɗaya ce aka jawo daga gare shi mai ramuka uku. Ɗaya fanka, ɗaya firjin ruwan baƙi, ɗaya akwatina. Da aka kawo lasifika aka rasa inda za a sa. Daga inda nake zaune, da idona, na ga Yaya Malam ya sunkuya ya dubi wayoyin uku, ya zaɓi wadda a ganinsa ba ta sanyaya kowa, ya zare. Aka sa lasifika, aka yi bismilla, ɗaliba ta farko ta fara karatu.

Na ce a raina, daƙiƙa arba'in ne, za su koma tsohuwar hanya. Sai na tuna abin da na yi wa tsohuwar hanya.

Waya ta fara rawa a aljihuna. Na danne ta. Ta sake. Wa zai tashi daga layin gaba ana cikin karatun Alƙur'ani? Wa kuma zai je ya zare lasifika daga bakin yarinya tana tsakiyar aya, a gaban iyayenta, don ya sa akwati? Ɗalibai goma sha bakwai ne, kowa da nasa karatun. Na zauna ina cewa masha Allah, gumi yana bin bayana har cikin wando. Limamin ya dube ni ya ce wa na kusa da shi, dubi yadda karatu ke ratsa Alhaji. A ɗaliba ta shida na ce zan sabunta alwala, na fita ta bayan rumfa, na tattare babbar riga na hau babur.

Abin da na tarar a kasuwa ya fi ɗaukewar sabis muni. Da sabis ya ɗauke wa kowa, da na ce daga Sakkwato ne. Amma akwatunan sun yi aikinsu tsaf, sun gane na gidan Yaya ya faɗi, sun koma tsohuwar hanya. Saƙon kowa yana wucewa da adireshinsa. Na 'yan canji kaɗai, mai buƙatar shaida, shi ne yake isa bakin hanya a ƙi karɓarsa. Mai shayin da ke bakin layin canji yana kallon kokawa a wayarsa, da sabis ɗina, murya a sama. Masu kabu-kabu sun kewaye shi suna ihu. A bayansu mutum talatin da ɗaya, waɗanda suka sayi layi na musamman, suna zaune da na'urori matattu, fatake daga Nijar sun yi layi suna jira, wasu sun fara juyawa.

Mamman Sefa ya taso ya tare ni tun ban kafe babur ba.

"Alhaji, zo ka gani. Wancan mai shayin, da wane sabis shika kallon kokawa?"

"Da nawa."

"Mu kuma da wane muka zaune?"

"Da nawa."

"To hwaɗa mini, mi munka yi maka?"

Na kira Isuhu. Ina jin hayaniyar suna a bayansa. Ya ce ba zai yiwu ba, shi da hannunsa ya bar hanyar baya a buɗe. Ya ce in duba fitilu, na ce suna ƙyaftawa. Sai ya tambaye ni a hankali ko na taɓa wani abu. Na ce layin ba ya ji sosai. Bayan azahar sai ga shi a bayan ɗan kabu-kabu, da shaddar suna, kwamfuta a hammata, ƙullin naman suna a ɗaya hannun don ko ajiye shi bai tsaya yi ba. Ya zauna a bencin Mamman Sefa, 'yan canji suka yi masa rumfa da kawunansu. Bai yi minti biyar ba. Ashe akwatunan nan suna rubuta duk wanda ya shiga da abin da ya taɓa, wannan kuma bai taɓa gaya mini ba. Ya gyara murya kamar mai shela.

"Jama'a, ga ɓarawon. Jiya Asabar, bayan la'asar, wani ya shiga ya hana hanya biyu karɓar shaida. Sunan shi..." Ya matso da allon kusa da ido, don dai a ƙara jira. "Alhaji. Ko akwai mai wanga suna nan kusa?"

Layin nan duka alhazai ne, amma babu wanda ya waiwayi kowa sai ni. Ya danna gidajen biyu, alama ta dawo, kafin ya kwance ƙullin namansa na'urori sun farfaɗo.

Ban gudu ba. Na tsaya a tsakiyar layin na faɗi abin da ya faru tun daga tuwon Jumma'a. Wasu sun yi dariya har da riƙe ciki, wasu ba su yi ba, don sun yi asarar ciniki na gaske a ranar da ta fi kowace rana. Mutum tara suka ce sun gama da ni, kuma sun gama ɗin. Mamman Sefa ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce mutumin da zai yi irin wannan wauta don kada ya yi wa yayansa ƙarya, ba zai yi musu ƙarya ba su ma. Ya ba ni sabuwar Lahadi huɗu, da sharaɗi biyu: kayansu su bi hanyar da ta fi sauri, kuma a karɓe mabuɗin nan daga hannuna a gabansu. Isuhu ya goge sunan alhaji yana murmushi kamar an ba shi kujerar Makka.

Saura Yaya. Na koma gida na kasa cin abinci. Mahaifiyarku Hajiya Rabi ta ajiye kwano, ta zauna, ta sa na maimaita mata komai har da nauyi da shaida. Ita ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba, amma ta shekara talatin tana kallon babban gida.

"Alhaji, tun da aka kawo ni gidan ga, ka taɓa ganin Yaya Malam ya ɗauki buhu?"

"A'a."

"Motar albasarka da tat tsaya ƙohwa tai, sauke ta anka yi aka shiga da ita zaure?"

"A'a. Gaya mishi nay yi ga abin da ni ɗauko, ga inda za ni."

"To shi labari shika so, kai kuma ka mai da shi ɗan dako."

Washegari na kai wa Isuhu maganar, ina tsammanin tsaki. Sai ya ce Hajiya ta fi ni cancantar mabuɗi. Ya ce akwai irin wannan a aikinsu. Labarin shaidar ciki, wato wace rumfa ce take bayan wane akwati, ba dole kowane akwati ya bi sauran ɗaya-ɗaya yana gaya musu ba. Ana zaɓen akwati guda, kowa ya kawo masa labarinsa, shi kuma ya sanar da sauran. Kaya ba sa bi ta kansa, amma babu rumfar da za ta buɗe ko ta rufe bai sani ba. Sai dai ya kafa nasa sharaɗin. Dole a sa sola da batir a benen, kuma dole a yi irin wannan akwati na biyu a kantina, don in na farko ya faɗi kada a sake kallon kokawa. Na yarda da duka biyun. Amma maganar akwati na biyun na ce ta tsaya tsakaninmu, kada Yaya ya ji.

Muka tafi tare. Na durƙusa na gaya wa Yaya cewa alkawarin da na yi ba zan iya cika shi ba, na gaya masa abin da ya jawo a kasuwa. Bai ce komai ba game da wayar da ya zare, ni ma ban ce ba. Isuhu, wanda a gaban Malam yake komawa mutumin kirki, ya yi bayanin sabon tsari: kaya za su bi hanyarsu, amma kowane akwati sai ya kawo labari gidan nan, daga nan za a sanar da sauran.

"Kuma suna yi mishi sallama?" in ji Yaya.

"Duk daƙiƙa goma, Malam. Dare da rana."

Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau.

"Ka ji, Ummaru. Duk daƙiƙa goma. Kai sai Jumma'a."

Ya sa aka kawo akwatin gabansa kafin a mayar da shi bene, ya dafa shi ya yi addu'a, kamar yadda ya dafa tankin babur ɗina. Lahadi huɗu suka wuce ba ko ƙyaf.

Shekara shida na riƙe sirrin akwati na biyu, kuma ya dame ni fiye da yadda za ku zata. A ciwonsa na ƙarshe na je duba shi da hantsi, na ga babu kowa a ɗakin, na ce yau zan sauke. Na fara kame-kame. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Na kantinka? Isuhu ya hwaɗa mini tun satin da anka sa shi."

"Yaya, ba ka ce komi ba."

"Mi za ni ce? Ko ni in ban da lahiya, na'ibi ka ba da salla." Ya ɗan huta. "Na dai so in ga shekara nawa za ka yi kahin ka hwaɗi."

To ga lissafin, tunda da shi na fara. Turaku biyar suna nan, yanzu ma sun zama goma sha ɗaya. A rumfuna talatin da ɗaya na tsira da ashirin da biyu, taran nan ko ɗaya bai dawo ba, kuma ban ga laifinsu ba. Mabuɗi na rasa shi, har yau ba ni da ikon shiga akwatunan da na saya da gumina, sai dai in tsaya a bayan ma'aikata ina leƙe. Na samu suna a layin canji, Alhaji Sai-an-gai-da-Yaya, wanda jikokin Mamman Sefa ma da shi suka san ni. Sola da na sa don akwati, firjin makaranta ya fi cin moriyarta. Yaya kuwa ban rasa shi ba sai da Mai shi ya karɓe shi. Injiniyoyinku na yanzu sun zo mini sau biyu suna cewa a ɗauke aikin kai labari daga benen nan a mayar da shi sabon ofis mai sanyi, wai ya fi tsari. Na san ya fi tsari. Na ce musu in na mutu su yi shawara da ku. Kafin nan, a bar su su ci gaba da yi masa sallama.